Fitilar Baba a Kan Ruwa

Kushiro, farkon Yuli, 1983

Zuwa ga ƙanena Naoharu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara, har da ɗaliban da kake azabtarwa da lissafi. Mu a nan arewa har yanzu sai da rigar sanyi muke fita da yamma, ku kuwa na san zafi ya fara dafa ku.

Ba zan ja ka da nisa ba. Likita ya duba ƙugun Inna jiya, ya ce ƙashin bai gama haɗewa ba, don haka babu zancen doguwar tafiya a watan gobe. Ke nan Obon na farko bayan rasuwar Baba, kwanakin da matattu ke dawowa su ziyarci iyalansu, zai zo Inna tana nan wurina, ba ta gida. Ni ma ba zan zo ba, don ba ni da wanda zan bar wa ita. Kai kaɗai za ka kunna wutar tarbar Baba a ƙofar gida, kai kuma za ka sallame shi a daren ƙarshe, ka saki fitilarsa a kogi.

Inna ba ta yi kuka a gaban likita ba. Sai da muka shiga mota ta ninke hankicinta ta ce, "Mutumin nan ko gidan aski bai taɓa zuwa shi kaɗai ba." Ka san gaskiya ta faɗa. Duk shekarun da ya yi yana ɗaukar hoton garinmu, ita ce a bayansa da jakar fim. Yanzu abin da ya tsaya mata a rai shi ne zai koma lahira ba ta raka shi ko bakin ruwa ba.

Abu ɗaya ta roƙa. Tana son hoton fitilar Baba a kan ruwa, a kunne, kuma sunansa ya karantu. Ba a hannunka ba, ba a kan matakalar dutsen bakin kogi ba. Tana so ta gan shi a hanya.

Na san abin da za ka ce: ni Baba ya koya wa sana'ar, kai kuma tun ranar da ka buɗe bayan kyamara a tsakar rana ka ƙone masa hotunan bikin mutane ya haƙura da kai. To, ni ina nan ina wanke wa Inna baya, kai ne a bakin kogi. Sai ka koya.

Kyamarar Baba tana cikin kabad ɗin shago, da sandarta mai ƙafa uku. Abu na farko, ka cire filasha, fitilar nan mai walƙiya, ka kulle ta a aljihun tebur. Haskenta yana kashe hasken kyandir. Idan ka yi amfani da ita, abin da za ka samu farin kwali ne a kan baƙin ruwa, kamar yankan awara a tukunya. Ka sayi fim mai lamba ɗari huɗu, ka gaya wa mai wankin hoto cewa da dare ka ɗauka, ya ƙara masa lokaci a cikin magani. Ka buɗe idon kyamarar har ƙarshe. Sauran aikin na ƙofar kyamarar ne, wato tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe tana shan haske. Ta daɗe, hoto ya yi haske amma duk abin da ya motsa ya watse. Ta yi sauri, komai ya tsaya amma duhu ya cinye shi. Duk ɗaukar hoton dare cinikin da ake yi ke nan tsakanin waɗannan biyun.

Ka fara gwaji tun yanzu, kada ka jira daren. Ka rubuto mini abin da ya fito, ba abin da kake fata ya fito ba.

Ina gaida kowa da kowa.

Yayarka,
Sumie

*

Asagawara, tsakiyar Yuli

Zuwa ga Yaya Sumie,

Gaisuwa da ladabi kamar yadda ya kamaci ƙanin da aka tuna masa laifin da ya yi yana ɗan shekara tara. Da fatan kina lafiya, da maigidanki, da jikin Inna. Zafi kam ya zo, kwaɗin gonakin shinkafa ma ba sa barinmu barci.

Na karɓi umarni. Na fara da kasuwar dare ta harabar haikali, inda na ɗauki mai gasa masara da 'yan matan da ke kamun kifin wasa. Sau ɗaya kawai na saɓa miki na ɗora filasha, don in ga ko da gaske kike. Na haske malamin haikali a fuska har ya saki mafecinsa, kuma hoton ya fito da shi kamar ɓarawon da aka kama a rumbu. Na kulle filashar, na ba matata makullin.

Abin da ke tsaye na iya shi yanzu. Fitilun da aka rataya a igiya sun fito tsaf, har rubutun jikinsu ana karantawa. Na koyi dafe kyamara a kan sanda, in fitar da numfashi kafin in danna, yadda na riƙa ganin Baba yana yi ina tsammanin addu'a ce.

Matsalar ita ce fitilar Baba ba za ta tsaya ba. Na haɗa fitilu da tsofaffin takardun jarrabawa, na rubuta sunana a jiki, na sake su a magudanar ruwan bayan makaranta. Maigadi yana ta kallona, ina jin ya yanke hukunci a kan lafiyar kaina. Idan na bar ƙofar a buɗe, fitilar takan zama dogon zaren haske kamar taliya, sunan ya narke a ciki. Idan na yi sauri, sai ɗan ɗigon ja a cikin baƙi, kamar wutar sigari daga nesa. Na gwada duk abin da ke tsakani. Kogin kuma ya fi magudanar nan gudu.

Na yi tunanin in ɗauka da wuri, sama da sauran shuɗinta, sai na tuna ba zai yiwu ba. Fararen fitilun waɗanda suka rasu a cikin shekara su ake saki a ƙarshe, bayan na kowa ya wuce, lokacin dare ya gama rufawa. Na je na roƙi dattawan unguwa ko za a bar ni in saki ta Baba da wuri, suka dube ni kamar na ce a sauya wa kogin hanya.

Ga wata dabara, kada ki yi fushi. Idan na ɗaura siririn zaren kamun kifi a gindin fitilar, na riƙe ta ta tsaya na ɗan lokaci, na ɗauka, sannan na yanke fa? Zaren ba zai fito a hoto ba, na gwada.

Ki gaida mini Inna, ki ce mata na wanke kabarin, na kuma cire ciyawar.

Ƙaninki mai biyayya,
Naoharu

*

Kushiro, ƙarshen Yuli

Naoharu,

Gaisuwa. Muna lafiya, kuma na gode da wankin kabari.

Ka ɗaure Baba da zare? A daren da ake sallamar matattu, a gaban duk gari, ɗan Genzo mai hoto ya tsaya a matakala yana riƙe ubansa kamar akuya? Idan fitila ta maƙale a ciyawa kawai, ka san yadda tsofaffi ke kwana suna cewa mamacin bai samu tafiya ba. Ban karanta wa Inna wannan layin ba, kai ma ka manta ka taɓa rubuta shi.

Amma gwajinka ya yi kyau, ban zaci za ka kai nan ba. Da kanka ka gano inda gizo ke saƙa, kuma hanya ɗaya ce ta rage. Idan kana cikin jirgin ƙasa, wanda ke zaune a gabanka ba ya motsi a idonka, ko da yake ku duka gudu kuke. Gonaki ne ke watsewa a taga. Kyamara ba ta san gudu ba, abin da ta sani shi ne ko abu yana matsawa daga gabanta. Idan kai da fitilar kuna tafiya tare, a kan ruwa ɗaya, da sauri ɗaya, a wurinta fitilar a tsaye take. Sai ka ba ƙofar lokacinta, sunan ya fito.

Bin ta a ƙafa ta bakin gaɓa ba zai yi ba, ta yi nisa kuma kowane taku zai girgiza hoton. Kwalekwale nake nufi. Tsoho Kihei mai kamun kifi, abokin Baba, yana da shi a ƙarƙashin gada.

Na san abin da na rubuta. Na san ba a shiga ruwa a kwanakin Obon, don matattu na kan hanya kuma sukan ja mai rai. Ni ban yarda da wannan ba, amma ba ni ce na rasa ƙane a kogin nan a kwanakin Obon ba. Inna ce ta rasa nata tana yarinya, kuma ka tuna dukan da ka sha ranar da ka tsoma ƙafa kawai. Saboda haka ba na ce ka yi ba. Na gaya maka yadda ake yi ne, kai ne a wurin.

Abin da zan ƙara shi ne halin da take ciki. Ba ta cin rabin abin da na zuba mata. Da yamma takan sa in juya kujerarta ta fuskanci kudu, ta zauna a haka har a kunna wuta. Ina jin tsoro, Naoharu, ban iya ɓoye maka ba. Ta ce in sa takardarta a cikin tawa, ga ta nan, ban karanta ba.

Idan ka yanke shawara, ka bar sandar a gida, ba ta da amfani a kwalekwale. Ka zauna a ƙasan jirgin, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka manna kyamarar a goshi. Kada ka yi rowar fim.

Yayarka,
Sumie

*

Zuwa ga ɗana Naoharu,

Ina gaishe ka a wannan lokaci na tsananin zafi, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da hidimar da kake yi wa mahaifinka a madadina.

Ka sa masa shinkafa sabuwar dahuwa kowace safiya, ba ta jiya ba. Shayinsa ya yi kauri. Ka rubuta sunan a jikin fitilar da hannunka, kada ka ba yaran haikali, rubutunsu ƙanana ne.

Na ji Sumie tana ta zancen hoton da mijinta a kicin, da alama yana ba ku wahala. Idan bai ɗauku daga kan gada ko matakala ba, ka bar shi. Tsohuwa ce ta yi kwaɗayi. Kada ka kusanci ruwa fiye da inda kowa ke tsayawa, kada ka bar yara su kusanta. Wannan ba roƙo ba ne.

Ka kula da jikinka.

Mahaifiyarka,
Chiyono

*

Asagawara, ƙarshen Agusta

Zuwa ga Yaya Sumie,

Bayan gaisuwa, da fatan kun yi Obon lafiya, da fatan kuma Inna ta ƙara samun sauƙi. Zafi ya fara karyewa a nan. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na jira hotunan ne daga wurin wanki don kada in rubuto miki fata.

Na shiga kwalekwalen.

Na karanta takardar Inna har na haddace ta, na kuma yi niyyar bin ta. Abin da ya juya ni layinki ne na kujerar da ke fuskantar kudu. Na je wurin Tsoho Kihei ana gobe sallama, na same shi yana gyaran koma. Da na gama bayani bai ɗago ba, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa sa jirgi a ruwa a Obon ba, ubansa ma haka. Na ce na sani. Ya tambaye ni ko Inna ta san da maganar, na ce ta hana. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai da ka ce ta yarda, da na san ƙarya kake, in kore ka." Sannan ya ce shi ya tsufa, idan matattu suna son jan wani su fara da shi, abokansa sun fi yawa a can. Sharaɗinsa ɗaya: da mun kai kwanar da ke gaban madatsar ruwa zai juya, ko na ɗauka ko ban ɗauka ba.

A daren, matata ce ta saki fitilar daga matakala, tare da yara. Kafin in fita sai da ta ɗaura mini rigar ceto a ƙarƙashin rigata ta ja igiyar har na kasa numfashi. Ni da Kihei muna ƙarƙashin gada a cikin duhu. Fitilun mutane suka wuce mu, masu ja da masu shuɗi, da yawa har ruwan ya yi haske. Da suka ƙare, sai malamin haikali ya buga ƙararrawa, fararen suka taho. Bana ba su da yawa. Na gane ta Baba tun daga nesa, don na bi maganar Inna na yi rubutun manya-manya har ya kusa cika takardar.

Kihei ya tura mu sau ɗaya da gora, ya ɗaga ta ya ajiye. Ya ce idan ya tuƙa, igiyar ruwan za ta ture fitilar. Daga nan kogi ne ya ɗauke mu. Na ji wata mata a kan gada ta ja numfashi, wani kuma ya kira sunana, amma ba wanda ya ɗaga murya bayan haka.

Maganarki ta jirgin ƙasa gaskiya ce, kuma abin yana da ban tsoro. Fitilar ta zo gefenmu, kusan in miƙa hannu in taɓa, ta tsaya cak. Gari ne ya fara tafiya. Gada ta ja baya, shagon Baba ya wuce, harabar haikali ta wuce da fitilunta. Na zauna a ƙasan jirgi ruwa yana jiƙa mini wando, na kafa gwiwa, na fitar da numfashi, na danna. Na riƙa lissafi a kai don kada in motsa. Fitilar kan juya a hankali, sunan ya ɓace, in jira ya dawo, in sake dannawa.

Fim ya ƙare tun ba mu kai rabin hanya ba. Na ce wa Kihei na gama, yana iya juyawa. Ya ce shi bai ji ba, kunnensa ya lalace. Muka ci gaba da tafiya a gefenta, ba kyamara, ba magana. Yaya, tun ranar jana'iza ban yi kuka ba sai a nan, kuma tsohon ya yi mini kirki ya riƙa kallon gaɓa. A kwanar ya kafa gorarsa, jirgi ya tsaya, ita ta wuce. Ya ce, "To Genzo, daga nan ka san hanya."

Washegari dattawan unguwa biyu suka zo gida. Na durƙusa na ba da haƙuri, suka sha shayi, suka ce kada a sake. Ɗayansu a bakin ƙofa ya tambaye ni a hankali ko hoton ya fito.

Ɗaya ne ya fito a cikin fim ɗin gaba ɗaya. Ga shi nan. Sunan yana karantuwa har ƙarshe, ana ganin inuwarsa a ruwa, kuma duk garin a bayansa ya zama zare-zaren haske. Sauran ba su da amfani, ko dai fitilar ta juya baya ko ni na motsa.

Yanzu matsalar taki ce. Idan kin ga zai tayar mata da hankali, ki riƙe shi, ki ce bai ɗauku ba. Idan za ki ba ta, ki ce daga kan gada na ɗauka da dogon gilashin Baba. Ban saba yi mata ƙarya ba, amma ban san yadda zan gaya mata na take maganarta ba, bayan ta ce ba roƙo ba ne.

Ina gaida maigidanki. Makullin filasha har yanzu yana hannun matata.

Ƙaninki,
Naoharu

*

Kushiro, farkon Satumba

Zuwa ga ɗana Naoharu,

Ina gaishe ka yanzu da iska ta fara sanyi, da fatan kuna lafiya.

Sumie ta ba ni hoton, ta ce daga kan gada ka ɗauka. Ban ƙaryata ta a gaban mijinta ba. Shekara arba'in na yi ina riƙe wa mai hoto jaka. Wanda ya tsaya a kan gada, garin ne zai tsaya masa, fitilar ta gudu.

Na yi fushi, kuma ban gama ba. Kada ka sake, ko a tawa fitilar. Ka kai wa Kihei kwalbar giya mai kyau, ka ce ban yafe masa ba.

Rubutunka ya yi girma yadda ya kamata. Na sa hoton a inda nake gani daga shimfiɗa, na kuma ce wa Sumie ta bar juya mini kujera.

Abu ɗaya ba ta iya gaya mini ba, don ta nace a kan gadarta. Ka rubuto mini da kanka: har ina ka raka shi?

Ka kula da jikinka.

Mahaifiyarka,
Chiyono